Kilo Biyun Sabika

Duk matan unguwar Rumaisiyya sun san Sabika da abu biyu. Ta yi shekara talatin tana shugabantar makarantar 'yan mata, kuma ba ta cin shinkafa sai cokali uku, ko a biki ko a makoki. Tun ranar da ciwon suga ya sa aka yanke wa mahaifiyarsu ƙafa ta ɗaura yaƙi da cikinta. Gari na wayewa tana bakin teku tana tafiya, in zafi ya tsananta ta koma babban kanti mai sanyi, ta yi ta zagaye kafin masu shaguna su buɗe. Shekara ashirin da biyu tana haka. Ba ta taɓa zama siririya ba, don danginsu masu jiki ne, amma ta riƙe kanta, kuma tana son a san ta riƙe.

An kuwa sani. A shayin hantsin da matan unguwa ke yi kowace Talata, duk wadda za ta kai hannu faranti karo na biyu sai ta saci kallon Sabika. Ita ake tambaya me za a ci, me za a bari. Wannan kujerar ta fi mata ta ofis daɗi.

Ƙanwarta Lulwa kuwa Allah ya yi ta da fara'a da buɗaɗɗen ciki. Ba ta taɓa wuce tukunyar majbus, dafa-dukan shinkafa da nama, ba tare da sun gaisa ba. In Sabika ta yi mata faɗa sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, kabari ba ya tambayar kilo." Hawa benen gidanta ma sai ta huta sau biyu.

Ana nan aka sa allurar rage ƙiba cikin inshorar lafiya ta tsofaffi, ga wanda ya haura sittin kuma nauyinsa ya wuce mizani. Suka je asibitin unguwa tare. Lulwa ta hau sikeli, aka miƙa mata takarda ba wata-wata. Sabika ta hau, likita ta duba, ta yi murmushi.

"Masha Allah, Ummu Talal, ke ba ki kai ba. Saura kilo biyu. Ki ci gaba da abin da kike yi."

Yabo ne, amma Sabika ta ji shi kamar mari. Ba kuɗin saye ta rasa ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne gwamnati ta saka wa mai ci, ta bar mai haƙuri da sannu.

Cikin wata takwas Lulwa ta zube. Wuya ya fito, an rage abayoyi, tana hawa bene tana waya. Shayin Talata ya juya gaba ɗaya ya fuskance ta. "Wace rana kike yin allurar? Tana sa tashin zuciya? Wallahi kin koma budurwa!" Sabika na gefe da yankan kokwamba, babu mai satar kallonta. Hassada ce take cin ta, ta kuma san hassada ce, tana istigfari tana ƙara ji.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ta ce wa mijinta, Bu Talal. "Ni da na cinye takalma sun fi talatin a bakin teku, ita daga kan kujera."

"To ki yi mata murna mana, ƙanwarki ce."

"Na yi! Ba ka ga ina yi ba?"

Ya dubi fuskarta, ya mai da kai kan jaridarsa.

Ta yi tunanin ta ci abinci ta cike kilo biyun, amma hannunta ya ƙi. Wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana ƙirga cokali bai iya ɓarna ba. Sai ta buɗe akwatin gwal ɗin aurenta. Ta ɗaura ɗamarar gwal, ta zuba sarƙoƙi uku, awarwaro har gwiwar hannu, ta ɗora rigar biki mai nauyin ado, ta rufe komai da abaya. A mota ta shanye kwalabar ruwa biyu. Shugabar makarantar da ta kori yara da yawa kan satar amsa ta shiga asibiti tana tafiya a hankali don kada a ji ƙara.

Sikeli ya nuna ta haura da ɗan kaɗan. Zuciyarta ta yi fari. Sai nas ta ce ta miƙo hannu a auna jini, ta naɗe hannun abayar, awarwaro suka zubo da kuka. Nas ɗin ta tsaya, ta ɗago.

"Malama Sabika? Ba ki gane ni ba? Dalal ce, 'yar aji huɗu."

Sabika ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Biki za ni daga nan," ta ce.

"Allah ya sanya alheri," in ji Dalal, tana danne dariya. "A ɗan cire su tukuna, Malama, a sake hawa. Ke kika koya mana ba a shiga jarrabawa da komai a hannun riga."

Daga asibiti ba ta nufi gida ba, sai gidan Lulwa, don ta ji tana son ta yi faɗa da wani. Ta tarar da ita a falo, gabanta farantin luƙaimat, soyayyun ƙwallayen fulawa, da maƙwabciya ta aiko, da zafinsa, zumar dabino na tsiyaya. Ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Wannan gwal fa, Yaya? Wa ya yi aure ba a gaya mini ba?"

"Ke dai kin ji daɗi," Sabika ta ce. "Kin ci duniyarki, an kuma biya miki."

Lulwa ta kalli farantin.

"Tun ɗazu nake zaune gabansa. Na san yana da daɗi, na tuna. Amma tun da na fara allurar nan, in na duba sai in ga kamar duwatsu. Ke fa? Har yanzu yawunki na tsinkewa?"

"Kullum. Har mafarkinsa nake."

"Kai, Yaya," Lulwa ta ce a hankali. "Ke ce kika ji daɗi."

Sabika ta dubi idon ƙanwarta, ta ga hassadar nan da ita kanta ta yi wata takwas tana ɗauke da ita, sak, ba bambanci. Ta gyara zama. Ta ja farantin gabanta, ta zaɓi wanda ya fi jiƙa da zuma, ta kai baki, ta lumshe ido tana taunawa a hankali.

"Yaya yake?" Lulwa ta tambaya, ta ɗan matso.

Sabika ta lashe yatsa.

"Ba zai faɗu ba," ta ce, ta ɗauki na biyu.