Goyon Babur Zuwa Birni

A garinmu miji da mata ba sa riƙe juna a gaban mutane, sai dai a kan babur. Shekara da shekaru, duk Juma'a da la'asar maigidana yakan goya ni zuwa Birni in gaida yayata. Nakan riƙe gefen rigarsa, ƙamshin turarensa yana bugo ni, in ji kamar jiya aka kai ni ɗakinsa.

Da ƙarfinsa ya soma raguwa, ni na fara sani. In muka shiga yashin lungu, sai babur ya yi ta tangal-tangal, bayan maigidana yana rawa. Babban ɗanmu ya same ni ya ce, "Inna, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki ce ya ajiye haka nan." Na ce to, amma ban gaya masa ba, don ba na so a raba ni da wannan tafiya.

Wata Juma'a yashi ya kayar da mu a gaban rumfar dukawa. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, shi kuwa babur ya danne masa gwiwa. Da aka ɗaga shi, yana kakkaɓe hula ya ce, "Hajiya, tun bara hannuna ke mutuwa. Na ga kina son tafiyar ne, shi ya sa ban faɗa ba."

"Malam, mu bar shi a nan," na ce.

Bai ƙara hawa ba. Gwiwar ma ba ta koma daidai ba. A zaune yake salla yanzu, kuma duk sanda na gan shi a kan kujera sai in kau da kai.