Bindiga a Cikin Langa

Mazan da suka ci tuwona a ƙofar kamfanin saƙa na Sharaɗa matsorata ne, kuma ba zan janye wannan magana ba ko da wasunsu sun zama Alhazai yanzu. Su ne suka jefa ni cikin abin da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Zamanin mulkin soja ne, lokacin da injinan Sharaɗa ba sa hutawa. Ina da rumfa daura da babbar ƙofa, ina sayar da tuwon shinkafa da miyar taushe. Kullum daga Ɗorayi nake tahowa, mai kura na tura mini tukwane. Da rumfar nan nake ciyar da 'ya'yana, don maigidana a kamfanin jima na Challawa yake aiki, kuma warin fata da yake dawo mana da shi ya fi albashin yawa.

Wata rana da azahar, benci cike da maza, sai ga wasu 'yan iska biyu, ɗaya da gora ɗaya da wuƙa. Suka tsinke lalitar da ke ƙuguna, suka sunkuci tukunyar miya da naman cikinta, suka tafi abinsu a tsanake, ko gudu ba su yi ba. Na yi ihu har muryata ta dishe. Ƙarti masu ɗaga dilar auduga da hannu, kowa ya dulmiya kai cikin kwanonsa kamar ya ga wani abu a ciki. Sai da ɓarayin suka sha kwana wani ya ɗago ya ce, "Sannu Inna. To yanzu gaya za mu ci ke nan?"

Da na gaya wa maigida, sai ya ce, "Sai haƙuri." Na ce masa haƙurin zan kaɗa in zuba a kan tuwo gobe? Ya ja bargo.

Akwai wani tsohon maƙeri a bayan masana'antu, aminin marigayi mahaifina ne tun daga ƙauye, yana gyara wa mafarauta bindigogi. Na same shi a gaban wuta na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, bindiga nake so ku ba ni."

Ya ɗago ya ce, "'Yar nan, ke da tun kina ƙarama kika fasa wa ɗan mai unguwa kai da ludayi?"

"Shi ya fara, Baba."

Ya ɗauko wata doguwar adaka ya jingina mini. Ta fi ni tsawo. Na ce, "Wannan ai sai in ɗaukar mata ɗan dako. Ƙarama nake so, wadda ba za a gani ba." Ya ce ƙaramar ita ce mai kai mutum gidan yari. Na ce na ji. Ya tuna mini cewa gwamnati na ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana harbewa a gaban jama'a, kuma in aka kama mutum da irinta ba a tsayawa jin labarin tukunyar miya. Na ce na ji wannan ma, kuma ba zan tashi ba. Da ya ga na shimfiɗa mayafina na gyara zama, sai ya tona cikin buhun tarkace ya fito da wata guntuwa, tsawonta bai wuce tafin hannuna da 'yan yatsu ba.

Na riƙe ta, ta sulluɓe, don hannun mai tuwo ba ya rabuwa da maiƙo. Na ce a naɗe mini mariƙin da fata. Na ce tsatsar nan ma a kankare, ba zan nuna wa ɓarawo abu mai tsatsa ya raina ni ba. Ya ce in dawo jibi. Da na dawo na tarar ya naɗe ta da jar fata har da ɗan tuntu, tana ƙyalli kamar kayan lefe. Ya ce, "Na ɗura miki ita. Ga kunamar nan, kada yatsanki ya je kusa. Kada ki nuna bakinta ga abin da kike so ya kwana. Kada ki kai ta kusa da wuta, kada yara su gani." Na ce, "To Baba, ina zan ajiye ta?" Ya ce, "Wannan kuma ke kika nema."

Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa mallakar bindiga ba wuya, ɗaukarta ne aiki. Na soke ta a ƙugu, ta riƙa jan zanina ƙasa, ina tuƙa tuwo da hannu ɗaya ina riƙe mutuncina da ɗayan. Ga murhu a gabana, duk tartsatsin da ya tashi sai in yi tsalle baya ina salati. Na gwada cusa ta cikin ɗaurin ɗankwali, kaina ya karkace, wata mai ƙosai ta tambaye ni ko wuya ne ya riƙe. Na koma ƙugu. Da na je salla a bayan rumfa, ina yin ruku'u ta faɗo ƙwal a kan tabarma, bakinta na kallon babban yatsana. Ban san da wace sura na ƙarasa ba. Ɓarayin nan ba su dawo ba, amma na rame, don tsoron da nake ji ya tashi daga kansu ya koma ƙuguna.

Daga nan dabara ta zo mini. Manyan ofis ba sa zama a benci. Kowannensu yana da langa a wurina, in zuba tun kafin azahar in rufe in jera, masinjan kamfani ya zo ya kwasa a tire. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da na aurar da 'ya na shiga yaƙi da jahilci, saboda haka ba suna a jikin langa ko ɗaya. Ni da masinja da ido muke gane su. Na ɗauki wata sabuwa na kwantar da bindigar a ciki, na rufe, na ɗaura jan zare a marfin. A nawa hankalin, jan zare na nufin kada a taɓa. Sai dai ni kaɗai na san haka a duk faɗin Kano.

Ranar da abin zai faru na jera langunan, mai jan zaren a gefensu, na tafi salla da zuciya sakayau, karon farko tun da na karɓo bindigar. Ina sallamewa na dawo, tebur wayam. Na duba ƙasa, na duba bayan tukwane. Na tambayi na benci, suka ce masinja ya zo ya kwashe. Duka? Duka.

Ban tsaya neman takalmi ba. Ina isa ƙofa jiniyar kamfani ta ɗauka, irin wadda ake busawa in gobara ta tashi. Sai ga ma'aikata na ɓarkowa kamar an buɗe wa tumaki, wasu da auduga a gashi, wani da takalmi ɗaya. Kowa na fita, ni kaɗai nake kutsawa ciki ina cewa, "Ku ba ni hanya, langata!"

Ga abin da ya faru, yadda na ji daga baya. Masinja ya ɗaga langar ya ji ta fi sauran nauyi, ga kuma ado a marfi, sai ya ce lalle wannan ta babban akawu ce, Inna ta cika masa nama. Shi kuwa babban akawu a 'yan kwanakin yana cikin rigima da ma'aikata kan aikin bayan lokaci. Ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla ya buɗe. Yana ganin abin ya tabbata saƙo ne ma'aikata suka aiko masa. Ya kurma ihu, wani ya ji ihun ya ja jiniya.

Na tarar da shi a ƙarƙashin tebur, ƙafafunsa kawai ake gani. A kansa ga shugaban masu gadi, wani tsohon soja da kowa ke kira Saje, ya harɗe hannu yana kallon langar.

"Saje, tawa ce," na ce.

"Langar ko abin ciki?"

"Duka biyun."

Babban akawu ya leƙo. "Ke? Me na yi miki, baiwar Allah? Don na ce gishiri ya yi yawa rannan?" Da ya gane ba ma'aikata ba ne, sai ƙarfinsa ya dawo gaba ɗaya. Ya fito yana kakkaɓe riga yana cewa a kira 'yan sanda, a rushe rumfar nan yau, a kai ni inda ake kai irina. Na tuna durom ɗin da Baba ya faɗa, na tuna 'ya'yana za su dawo daga makaranta su tarar ba ni ba rumfa.

Saje ya ɗauki bindigar a hankali, bakinta na kallon ƙasa. Ya juya ta, ya kai ta taga ya duba, ya ƙwanƙwasa ta da mabuɗi. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake yi.

"Inna, wa ya ba ki wannan?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ko wane ne, ya san halinki. An narka darma an cike ta har baki. Wannan ko ƙadangare ba za ta kashe ba, sai dai ki jefe shi da ita."

Wallahi a lokacin ban san wanda ya fi ci mini rai ba, tsoron gidan yari ko jin cewa tsohon nan ya bar ni ina tsalle a gaban murhu saboda guntun ƙarfe.

Babban akawu ya ce duk da haka a kira su. Saje ya ce, "Ranka ya daɗe, sai a kira. Amma za su tambayi abin da ya tsayar da injina, su tambayi inda aka same ku. Ni kuwa ba na yi wa hukuma ƙarya." Akawu ya dubi teburin, ya dube ni, ya dubi ma'aikatan da suka fara leƙowa ta taga. Ya gyara hula ya ce gwajin jiniya aka yi, kowa ya koma bakin aikinsa. Har na kai ƙofa ya kira ni da ƙaramar murya, "To ina ainihin abincin nawa?"

Na fito da langata a ka, na wuce ta tsakiyar mazan nan suna komawa ciki a jere. A nan na fahimci abu biyu. Makamin da kake tsoro fiye da ɓarawon, wanda ba ka iya salla da shi, ba ka kuma iya ajiye shi, ba kariya ba ne, wani ɓarawon ne ka ɗauko ka goya. Na biyu, mazan kamfani ba sa motsi don mace ta yi ihu, amma in ƙarfe ya yi ƙara ko tambaya ba sa yi.

Washegari da safe na dire wa Baba bindigarsa a kan uwar maƙera. Ban ce ya cuce ni ba, shi kuwa sai murmushi yake cikin gemu. Na tsaya a kansa har ya daka ta ta zama faifai. Sannan na sa ya ba ni tsohon ƙarfen tayar babbar mota da guntun rodi, na rataye a bakin rumfa. Na tara masu ƙosai da masu fura da mazan benci na ce, "In kuka ji na buga wannan, kowa ya taso. Wanda aka gani a zaune, ya nemi mai ba shi tuwo can a masana'antun Bompai, ba dai a nan ba."