Yarinyar da Muka Aro daga Ƙonni

Lumshe idonta na fara gani. Tana zaune a tsakar gidan kawuna cikin baƙin da aka kwaso daga Ƙonni, tana kallon mutane ta ƙasan gira. A littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa, haka budurwa take yi in ta ga wanda ya kwanta mata, sai na ɗauka da ni take. Daga baya na ji ashe ciwo ne: yanar ido ce take rufe mata gani a hankali.

Lokacin ƙidaya ne. Manya sun ce gwamnatin tarayya da yawan kai take rabo, shi ya sa Sakkwato ke kwashe tsoka a bar wa garinmu Illela ƙashi. Sai kowane gida ya aro dangi daga tsallaken iyaka. Kawu ya yi wa uwar yarinyar alkawari: in aka ƙirga ta, ta zama ɗiyar gari, kuma in rabonmu ya kawo babban asibiti, da ita za a fara.

"Wagga ma za ku ƙirga?" in ji wani ɗan canji maƙwabcinmu. "Ai rabin mutum ce."

"Kai suka so, ba ido ba," in ji Kawu. Aka yi dariya, uwar ma ta taya su don kunya.

Ni kuwa na gama tsara komai a raina: likita zai warware bandeji, fuskata za ta fara gani.

Rabo ya zo. Sashen ido ya tafi birni, inda mutane suka fi yawa. Mu aka yi mana ɗan asibiti mai ɗaki biyu da sabon fenti. Duk da haka uwar ta hau kabu-kabu da ɗiyarta, suka sauka a ƙofar shagon Kawu.

"Yaya, ga mu. Ko Sakkwaton ce, a taimaka a kai ta."

Bai ɗaga kai daga buhun da yake ɗinkewa ba. "Mi ya rage? An ƙirga ta, an gama. Ku ba ku da gwamnati can?"

Suka juya ko ruwa ba a ba su ba.

Bara na gan ta a Ƙonni, a gidan ƙaninta. Idon ya rufe duka, ba ta yi aure ba. Yaran gidan ne ke yi mata jagora. In suna son wasa, sai su tsayar da ita gaban bango su ce ga baƙo, ta durƙusa tana gaisuwa.