Ranar da Na Mayar wa Yaya da Tuwonta

Ni ce matar da ta mayar wa yayar mijinta da tuwo a langa, kuma har yau ban yi nadama ba. Wata guda aka yi ana tauna zancen a unguwarmu a Haɗeja. To, ga yadda aka yi.

Lokacin da aka kawo ni gidan Malam, babu tsoka ɗaya ta banza a jikinsa. Masunci ne, yana kuma noman shinkafa a fadama wajen Auyo. Wuni yake a tsaye a jirgi da sandar tuƙi, yana kutsa kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa. Ni kuwa 'yar zaman gida ce, ko zaure ban cika leƙawa ba. Murhuna da katangata sun ishe ni, amma kunnena yana aiki.

Da ya haura arba'in sai ya sayi injin ban-ruwa da babur, ya kife jirgin a bakin kogi. Ciki ya fara fitowa. Da fari murna aka yi. Ina jiyo abokansa a ƙofar gida suna cewa, "Alhaji, wata nawa ne? Kar a yi suna ba mu!" Mata su ce min na iya kiwo. Ni ma na ji daɗi, ina farke wandunansa ina ƙara musu ƙyalle.

Amma ni nake zaune da mutumin. Damatsansa suka saki, ƙirjinsa ya yi laushi. Barci da hantsi, barci bayan azahar, abu kaɗan ya hau faɗa. Abin da ke tsakanin miji da mata kuwa ya zama tarihi. Ban gaya wa kowa ba.

Wata rana yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta same shi yana gyangyaɗi a tabarma rana tsaka. Ta dube shi, ta dubi tukunyata.

"Amarya, me kike zuba wa ƙanena?" Shekara ashirin da biyu tana ce min amarya.

"Abin da nake zuba wa 'ya'yansa, Yaya."

"Wannan ba ƙiba ba ce, asiri ne. An shanye shi. Daga yau ya daina cin girkinki."

A gidan mijina, a gaban 'ya'yana, aka raba ni da tukunyar maigida. Kullum da azahar Yaya ta shigo da langa a ƙarƙashin mayafi: tuwon shinkafa malmala huɗu, man shanu yana iyo a kan miya, ga fura da sukari, ga rubutu a kwalba. Wai ƙarfi take mayar masa. Malam ba ya iya ce mata a'a, sai ya sunkuyar da kai ya share. Maƙwabta suka daina aiko 'ya'yansu karɓar ɗanɗanon miyata. Shi kuma ya kai ga sai ya dafa bango yake tashi daga sujada.

Rediyon maƙwabciyata ne ya taimake ni. Ina tsintar shinkafa a gindin katanga na jiyo wani likita yana lissafa alamomi, kamar ya leƙo ɗakinmu. Na sami Malam na ce mu je asibiti.

"In tsaya gaban wani ƙato in ce masa me?"

"Kai ka yi shiru, ni zan faɗa. An riga an ce na yi maka asiri, wace kunya ta rage min?"

Sau biyu aka ɗebi jininsa da sassafe kafin ya karya. Likitan ya ce akwai wani sinadari a jinin maza, testostiron, shi ke riƙe tsoka da kuzari da sha'awa, kuma na Malam ya yi ƙasa. In ya yi ƙasa, tsoka ta zube, kitse ya taru a ciki. Kitsen cikin kuma shi ke ƙara rage sinadarin. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.

"Ba asiri ba ne?" in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, asirin yana cikin kwano da kan babur," in ji likitan. Ya ce ba zai fara da allura ba, a rage cikin tukuna a sake gwaji, kuma kar ya kuskura ya sha maganin ƙarfin maza na kasuwa. Ya juyo gare ni. "Mama, ke ce mai girki?"

"A da ni ce," na ce.

Washegari langa ta iso kamar kullum. Yaya ta ajiye ta tafi. Kowa ya san ba a mayar wa babba da abincinsa. Ko ba za ka ci ba, ka juye, ka wanke kwanon, ka sa ɗan goro a ciki. Na tsaya ina kallon man shanun nan. In na juye a ɓoye na ba awaki, gobe wata langar za ta zo, sunana kuma yana nan a ɓace. Na ɗauki mayafina. Ni da ba na fita sai biki ko rasuwa, na ratsa unguwa da langa a ka, rana tsaka, kowa yana gani.

Na isa gidan Yaya, na durƙusa na gaishe ta, na ajiye.

"Ya ci?"

"Bai ci ba, Yaya, kuma ba zai ci ba. Likita ya hana."

"Ke! Tuwona kika dawo min da shi?"

"Shi ne. Kin goye shi, Allah ya saka miki. Amma yanzu wannan tuwon cutar da shi yake."

Ta ɗauki langar ta biyo ni gida tana salati, mata suna leƙe ta katanga. Na zuba wa Malam gasasshiyar karfasa da zogale da malmala ɗaya tak, na ajiye a gabansa. Yaya ta dire langarta kusa da kwanona.

"Zaɓi," ta ce masa.

Na san in ya buɗe langar nan, na gama zama da mutunci a gidan. Sai ya wanke hannu.

"Yaya, ki yafe min. Jinina aka gwada, ba tukunyarta ba. Ni na san abin da ke damuna."

Ya ja kwanona.

Bayan sati ya birkito jirginsa, ya liƙe shi da kwalta. Ranar farko ko rabin sa'a bai yi ba ya dawo yana haki, abokai suna yi masa tsiya wai kifi ma dariya yake. Ya koma washegari. Kafin ruwan baɗi ya sauka, na cire ƙyallen da na ƙara wa wanduna biyu. Cikin bai tafi duka ba, amma likita ya ce gwaji ya nuna sinadarin ya ɗan tashi, ni ma na shaida, ba sai na yi bayani ba.

Yaya ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata. Yanzu tana gaya wa mutane rubutunta ne ya karya asirin. Ta je ta yi ta faɗa. Tuwon Malam dai ni nake tuƙawa, malmala ɗaya, kuma in ta zo gidan, daga tukunyar nan nake zuba mata.