Ranar da na gyara wa Baba lissafi

Ko na manta komai a duniya, yammacin wata Laraba a gidanmu na Nassarawa GRA ba zai fita daga raina ba. Ina aji huɗu a sakandare, lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowane maƙwabci yana sauya mota. Mu kuwa a shekarar aka sallami mahaifina daga aikin gwamnati ba zato ba tsammani, aka ba mu wata uku mu bar gidan, da yake na gwamnati ne.

Kafin ya shiga ofis, Baba malamin lissafi ne da ake ji da shi. Saboda haka ya ƙudura komawa aji, ko don ya samu dalilin fita da safe. Wani tsohon ɗalibinsa da ya zama shugaban wata makaranta ya zo gaishe shi, kuma duk gidan mun san maganar aikin ce ta kawo shi. Har kaza Umma ta sa aka yanka.

Suna zaune a baranda Baba ya ƙwala mini kira, ya ce in kawo aikin gida. Yanzu na gane so yake baƙon ya ga hannunsa bai mutu ba. A lokacin kuwa ni yarinya ce mai rawar kai, wadda ta saba zuwa ta ɗaya, bakina ba ya iya riƙe abin da na sani.

Tambayar ita ce −2x > 6. Baba ya karɓi biro yana murmushi, ya raba kowane ɓangare da −2, ya rubuta x > −3, ya ja layi biyu a ƙasa.

Na ce, "Baba, ba haka ba ne. Idan aka raba da lambar da ke ƙasa da sifili, sai an juya alamar." Da ma a nan na tsaya. Sai na ƙara da cewa, "Ko 'yan aji uku sun san wannan."

Baƙon ya sunkuyar da kai, ya shiga juya cokali a shayin da ya riga ya huce. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tuntuɓen alƙalami ne, kowa yana yi."

Baba bai kula shi ba. Ya ce, "Bari mu gwada da lamba." Ya ɗauki sifili, tunda sifili ya fi −3, ya sa a gurbin x. Sifili ya fito, kuma sifili bai fi shida ba. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya soke amsarsa, ya rubuta x < −3, ya ce, "Yarinyar ta yi daidai." Ya miƙo mini littafin ba tare da ya dube ni ba. Wallahi har da ɗan tsallena na koma ciki, ina jin na burge baƙo.

Bayan mako guda takarda ta zo, makarantar ta ɗauke shi aiki. Ina tsakar gida na ji Umma tana roƙonsa ya karɓa. Ya ce, "Hajiya, shekara goma sha biyu ina koyar da juya alamar nan, ga shi na manta ta a gaban ɗalibina. Me kuma na manta da ban sani ba? Ba zan je in gwada a kan 'ya'yan mutane ba."

Muka koma wani ƙaramin gida a unguwar Gama. Baba ya zama mai zaman ƙofar gida, daga tabarma sai masallaci. Bai taɓa yi mini faɗa ba, bai kuma sake cewa in kawo aikin gida ba. Sau da yawa na tsaya a bayansa da niyyar ba shi haƙuri, kunya ta hana ni. Ina shekarar farko a jami'a ya rasu, ban faɗa ba.

Har gobe amsata daidai ce, kuma ba ta taɓa sanyaya mini zuciya ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka gyara wa mutum kuskure, ka duba a gaban wa yake zaune, ka kuma duba abin da ya rage masa. Da na jira baƙon ya tafi, da minti goma kawai zan yi haƙuri.