Shekarar da Nuru Direba Ya Rame

Duk wanda ya zauna a Kafanchan wajen ƙarshen shekarun tamanin ya san Nuru Direba, in bai san sunansa ba ya san tumbinsa. Jikan fatake ne da suka kafa gida a garin tun zuwan jirgin ƙasa. Ubansa awon hatsi yake yi a kasuwa, amma shi awo bai karɓe shi ba, don ba ya iya zama wuri ɗaya. Tun yana saurayi ya bi manyan motoci, kafin ya cika talatin ya riƙe tirelar Oga Sylvester, wani ɗan kasuwa Ibo da aka haifa a kwatas ɗin reluwe. Busasshiyar citta yake kai masa Fatakwal, ya dawo da manja da garin rogo. Ko rikicin tamanin da bakwai, da ya raba maƙwabta da yawa, bai raba su ba. Sati biyu motar ta yi a ajiye, ta koma hanya.

Mutum ne marar haƙurin zama. In ana lodi yana bin 'yan dako da faɗa, in an gama yana faɗa da mai ɗaure tamfol, in ya kwana uku a gida sai matarsa Kubra ta fara roƙon Allah ya kawo lodi. Amma aikin da ya zaɓa na zama ne, wuni da wuni a kan kujera ɗaya. Abin da ke motsi a jikinsa hannu ne da ƙafa, sai baki.

Bakin kuwa ya yi aiki. Direbobin wannan hanya suna da al'adarsu: babban direba ba ya cewa a zuba masa abinci. A kowane zango yana da mai abincinsa, ta san kukan hon ɗinsa, kafin ya ja birkin hannu ta ɗauko kwanonsa, wanda ba a zuba wa kowa a ciki. A Akwanga Maman Roseline ce, sakwara mulmule uku da miyar agushi, manja yana iyo a sama, nama yanka shida. A Makurɗi shinkafa da soyayyen kifi. Can gaba da Inugu, inda Hausawa masu shanu suke, tsire ne da shayi mai madarar gwangwani. Yawan naman da ke kwanonka shi ne girmanka a idon sauran direbobi, barin saura kuma cin fuska ne ga wadda ta zuba. Nuru bai taɓa cin fuskar kowa ba. Ranar da 'yan sito suka tsokane shi ya hau sikelin citta, allura ta tsaya a kilo ɗari da ashirin da biyu. Aka yi ta tafi, shi ma yana dariya, don a wajenmu tumbi shaidar samu ne.

Da daminar casa'in da ɗaya yana dawowa daga Fatakwal, ya wuce Godogodo kaɗan, sai titi ya rabe biyu a idonsa, ƙeyarsa ta yi nauyi kamar an ɗora masa buhu. Da ƙyar ya kai motar gefe. Washegari Kubra ta tasa shi gaba har wani asibitin mishan a Zonkwa, inda tsohuwar maƙwabciyarsu Sista Hellen ke aiki. Sista ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta kira shi da sunan 'yarsu ta fari yadda ta saba.

"Baban Raliya, jininka ya hau, suga ma ya fara. Wannan tumbi ba arziki ba ne, ciwo ne. In ba ka rage shi ba, wani rana za ka faɗi a kan sitiyari, ka tafi da mutane tare da kai."

"To me zan ci, Sista? Iska?"

"Acca. Wake. Ganye. Gishiri kaɗan, manja kaɗan, lemon kwalba ka bar shi gaba ɗaya. Kuma ka riƙa tafiya da ƙafa, ƙafa ba na taka birki kawai ba ne."

Ya ji tsoro, tsoro na gaske. Ya sha ganin abin da tirela ke yi wa ƙaramar mota in ta ƙwace a gangara, bai taɓa kawo wa ransa cewa shi zai iya zama sanadi ba.

Da yake ba ya yin abu rabi, sai ya ɗauki maganar da zafi. Kubra ta riƙa cika masa kula da faten acca mai yakuwa da gauta, ta ƙulla masa ɗanyar acca da wake a leda, ya sayi ɗan risho yana dafawa a gindin mota. Tafiyar ƙafa ce ta ba shi wahala, don ƙato da gemunsa ba ya kama hanya haka kawai ba inda za shi, sai a ce ya taɓu. Sai ya samo dabara. Duk inda ya tsaya ya ɗauki ƙarfe ya zagaya tirelar yana bubbuga tayoyi kamar mai duba iska, zagaye ashirin, wani lokaci talatin. Direbobi suka ce ba a taɓa ganin mai tattalin taya irin Nuru ba.

A Akwanga aka fi yin rigima. Ranar da ya ce mulmule ɗaya da yanka ɗaya, Maman Roseline ta riƙe ƙugu.

"Oga Nuru, na yi maka laifi ne? Ko ka samu wani mata a Lafiya da ya fi ni iya miya?"

Ya yi mata bayani, ta ji da kunne kawai. Ya ci ɗan abin da ya ci, ƙanshin naman wasu yana dukan hancinsa, ya tashi da yunwarsa ya koma bugun taya. Watannin farko ya zama abin gudu, ko gaisuwa sai ya mayar da ita faɗa. Sau biyu ya karya doka a Makurɗi, ya dawo ya faɗa wa Kubra da kansa kamar yaron da ya yi ɓarna.

Cikin wata goma sha huɗu sikelin citta ya nuna tamanin da takwas. Yana hawa kan mota da taku ɗaya, yana sujada ba ya nishi, ƙeya ta daina nauyi. Kubra ta kwashi rigunansa ta kai wa tela ya rage. Sista Hellen har tafa masa ta yi. Bai taɓa jin daɗin jikinsa irin na wannan shekara ba.

Sai dai ya rame a mugun lokaci. Shekarun nan ne rediyo ya cika da zancen ƙanjamau, aka manna hotuna a tasha, mutum ƙashi da rai a tsaye kusa da babbar mota. Direbobi biyu da aka sani sun bushe sun mutu, ba wanda ya faɗi sunan ciwonsu a fili. To ga direban doguwar hanya, mai kwana a garuruwa, ya zube cikin shekara guda. Mutanenmu ba sa jiran likita a irin wannan, kowa likitan kansa ne, kuma ba mai zuwa ya tambaye ka.

Mijinyawa wanzami, wanda ya shekara ashirin yana yi masa aski, ya ce aska ta dakushe, ya dawo gobe. Gobe ma ba ta yi kaifi ba. A masallaci sahu ya fara barin 'yar kafa a damansa da hagunsa. A Akwanga kwanon nan nasa, wanda a da ake ajiyewa a saman kanta don girmamawa, ya koma ƙarƙashin tebur, ana wanke shi daban da ruwan zafi. Nuru ya gani, ya sha jinin jikinsa, amma wa zai kama? Ba wanda ya ce masa komai.

Oga Sylvester ne kaɗai ya yi masa magana ido da ido.

"Nuru, ni da kai mun daɗe. Ni ban yarda ba, Allah ya sani. Amma 'yan lodi suna magana, ba su so su sha ruwa a jarka naka. Je ka Jos ka yi gwaji, ka kawo takarda, mu rufe bakinsu."

Ya je, aka ɗebi jininsa, takarda ta fito ba shi da komai. Nan ne ya yi kuskure, ya ɗauka takarda tana rufe baki. Wani ɗan garin ya gan shi a layin masu gwaji, kafin ya dawo labari ya riga shi. Ya kai takardar tasha aka karanta a gaban kowa, aka ce madalla, yana juya baya aka ce wanda ba ya zargin kansa me ya kai shi gwaji, kuma takarda ai ko wace iri ake so ana samu.

Da a kansa kaɗai abin ya tsaya, da ya daure, don yana da taurin kai. Amma wata rana aka yi suna a unguwa, Kubra ta zauna cikin mata ta sa hannu a tire, sai hannuwa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ƙoshi, waccan ɗanta na kuka. Aka bar ta da tire guda. Ba ta faɗa masa ba. Raliya ce ta faɗa, tana 'yar shekara goma sha biyu, ta ƙara da cewa ita ma a makaranta benci guda aka bar mata ita kaɗai.

Wunin ranar ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya kai ƙofar gida, ya dawo, ya zagaya tsakar gida har kaji suka rasa wurin tsayawa. Da la'asar ya tsaya a bakin madafa.

"Gobe ki yi sakwara. Ki sa manja yadda kike sawa da."

Kubra ta ajiye muciya. "Ni na kawo maka ƙara? Su ƙi ci da ni har abada, ina ruwana. Kai nake so in gani a gidan nan, ba su ba."

"Ke kya iya. Yarinyar fa?"

"Ka manta abin da Sista ta ce?"

"Sista ba a unguwar nan take zaune ba."

Ta rantse ba da hannunta ba, kuma ba ta yi kaffara ba, acca ta ci gaba da dafawa. Sai dai hanya ba a hannunta take ba. Tafiyar da ta biyo baya ya danna hon tun daga nesa irin na da, ya ce wa Maman Roseline mulmule uku da yanka shida, ya ja benci waje inda kowa zai gani, ya cinye tas, ya kora da lemo kwalba biyu. Bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ya ajiye ƙarfen taya, ya bayar da rishon.

Abin da ya ɗauki wata goma sha huɗu yana saukewa, wata takwas ya ishe shi ya mayar, har da ƙari. Gari kuwa ya yi murna. Aka riƙa tare shi ana barka da samun sauƙi. Mijinyawa da kansa ya ƙwala masa kira daga rumfa, ya ce gemun nan ya yi yawa. Sahu ya haɗe, mata suka dawo aron turmi wajen Kubra, Raliya ta sami abokan benci. Shi kuma yana amsa barka, ƙafafunsa na kumbura, ƙeya ta koma nauyinta.

Zuwansa na ƙarshe Zonkwa, Sista Hellen ta kwance abin awo ta dube shi.

"Kana kashe kanka domin mutane su gaishe ka."

"Domin su gaishe da iyalina, Sista. Ba ni ƙwayar kawai."

Ta ba shi, ya riƙa sha in ya tuna. Alkawari ɗaya ya yi mata, cewa duk sa'ar da ya ji kansa ba daidai ba zai tsaya nan take, ko da kaya na jira, ba zai tafi da kowa ba. Shekara biyu yana yin haka, har Oga Sylvester ya saba da latti.

Wata safiya a shekarar casa'in da shida, manoma masu zuwa gona kusa da Fadan Karshi suka ga tirela a gefen titi, an ajiye ta tsaf, an ja birki, an sa duwatsu a tayoyi, har an jera ganye a kan kwalta don masu tahowa su kauce. Direban yana zaune a ƙasa ya jingina da tayar gaba. Sun ɗauka hutawa yake yi, sai da suka yi sallama sau uku. Shekarunsa arba'in da bakwai.

Jana'izarsa ta cika maƙil, ana ture juna wajen ɗaukar makara. Direbobi sun zo daga Akwanga da Lafiya, Oga Sylvester ya tsaya daga gefe yana share ido da hularsa. A cikin gida mata suka kewaye Kubra. Wata dattijuwa daga maƙwabta ta matso ta dafa ta, da zuciya ɗaya take son ta sanyaya mata rai.

"Ki yi haƙuri, Kubra, ki gode wa Allah. Ya tafi da jikinsa, da ƙibarsa, kowa ya gani. Yanzu ba mai bakin cewa komai a kanku."

Kubra ta ɗago ta dubi matar, ta dubi sauran da ke gyaɗa kai.

"Na sani, Inna," ta ce. "Ai don ku faɗi haka ya tafi."