Kabarin Isyaku Ba Ya Cikin Kwamfuta

Bana shekara tara ke nan da rasuwar aminina Isyaku, tela a unguwar Ruwais ta Jidda. Umra ce ta kawo shi daga Gusau, bai koma ba, ya zauna babu iƙama, wato takardar izinin zama, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Mu huɗu muka raka shi maƙabarta. Aka tambayi sunansa, aka rubuta abin da kunne ya ji, muka watse.

Yau an zuba sunayen mamata a kwamfuta. Ka sa lambar iƙamar mutum a waya, ta nuna maka maƙabarta da layi da kabari. Maƙwabtana suna yabon abin, ni ma ban kushe ba.

Azumin da ya wuce ɗansa Musbahu ya zo umra. Yana goye uban ya baro gida. Ya ce, "Baba, kai ni in yi wa mahaifina addu'a."

A ofishin maƙabartar muka tarar da wani matashi haifaffen Jidda, Hausarsa a karye.

"Ya ammi, raƙam ɗinsa?"

"Ba shi da lamba, ɗana. Suna gare shi."

Ya gwada Isyaku, ya gwada Is'haƙ, ya juya sunan ta kowace fuska. "Wallahi ma fi, babu shi. Wanda ba lamba bai shiga ba. Halas." Ba da wulaƙanci ya faɗa ba.

Muka shiga ciki. An matsar da katangar da nake kwatance da ita, duwatsun duk iri ɗaya, babu rubutu. Sauran ukun da muka binne shi tare an daɗe da mayar da su gida. Da na nuna kowane kabari Musbahu zai yarda, amma bakina ya ƙi. Sai ya ɗaga hannu ya yi wa filin addu'a gaba ɗaya.

Me Isyaku zai ce? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kauce wa mai tambayar takarda, wataƙila dariya zai yi. Amma da ya ga ɗansa tsaye cikin rana, ba na jin zai iya.

Rigunan da ya ɗinka sun tsufa, shagon ya zama wurin sayar da waya. Abin da ya rage nasa yana cikin kaina, ni kuwa na haura saba'in. A mota Musbahu ya tambaye ni yadda muryar ubansa take. Na buɗe baki in kwatanta, sai na ga ita ma ta fara kuɓuce mini.